Baƙo da Kuɗin Barema: Wa Yake Karya Farashin Ƙwadago?

A ƙasar Magariya da Dungas, kuɗin barema ba ya zama wuri ɗaya. Idan ruwa ya zauna, haki ya taso wa kowa lokaci guda, mai gona ne yake bin ɗan ƙwadago yana lallashi, har ya haɗa masa da fura da goro. Da an gama maimai, sai lamarin ya juye, matasa su zauna a bakin tasha suna jiran wanda zai kira su dako ko kwaɓin ƙasa a ko nawa ne. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da dubu 570 a gundumar Magariya, fiye da dubu 350 a ta Dungas, wadda aka yanke daga Magariyar a 2011. Jama'a ta yi yawa, gona kuwa tana ƙara tsukewa duk sa'ad da aka raba gado. A irin wannan wuri, tambayar ko zuwan baƙi yana karya farashin aiki ba ta masu boko ba ce kawai. Tambaya ce ta tiyar hatsin da za a kai gida da yamma.

Inda aka fi gwada wannan tambaya a zamaninmu shi ne yaƙin Siriya da ya fara a 2011. Larabawa da Kurdawa miliyoyi suka watsu, kuma kowace ƙasa da suka shiga ta karɓe su ta tata hanyar, har abin ya zama kamar an shirya gwaji da gangan.

Turkiyya ce ta ɗauki kaso mafi girma, wajen mutum miliyan 3.7 a lokacin da abin ya kai ƙololuwa. A watan Satumban 2014 kaɗai, da mayaƙan Da'ish suka tasar wa garin Kobani, Kurdawa fiye da dubu 100 suka tsallaka iyaka cikin 'yan kwanaki. An ba su mafaka, amma ba a buɗe musu ƙofar izinin aiki ba sai Janairun 2016, shi ma da sharuɗɗa: mai kamfani ne zai nema wa mutum, a lardin da aka rubuta sunansa, kuma kada 'yan Siriya su wuce kashi goma cikin ɗari na ma'aikatan wurin. To mai iyali ba zai zauna jiran takarda ba. Akasarinsu suka faɗa aikin da ba rajista a ɗinki, gini da gonakin Gaziyantab da Urfa, a kan ladan da bai kai mafi ƙarancin albashin doka ba. Masana tattalin arzikin da suka bi diddigin lardunan kan iyaka sun ga abu biyu tare. Turkawan da suke cin abinci a irin wannan aikin na bayan fage, galibi mata da waɗanda ba su yi nisa a karatu ba, da yawansu sun rasa gurbinsu. A ɗaya gefen kuma ayyukan da ke da rajista sun ɗan ƙaru, kuɗin hayar gida ya hau, masu masana'antu sun samu hannu mai araha. Wato ƙasa ba ta talauce ba, amma akwai wanda ya biya kuɗin karamcin, kuma shi ne wanda dama ba shi da komai.

A yankin Kurdawan Iraƙi kuwa, 'yan gudun hijirar Siriya kusan dubu 250 ne, mafi yawansu Kurdawa, harshensu ɗaya da masu masauki. An buɗe sansanin Domiz kusa da Duhok a 2012, kuma wanda ya samu katin zama yana iya fita neman aiki a fili. A shekarun farko, da kuɗin fetur ke gudana, gine-gine da otal-otal na Arbil suka shanye su. Ƙorafi ya yi ƙarfi ne bayan 2014, da farashin mai ya faɗi, yaƙi da Da'ish ya zo, gwamnatin yankin ta kasa biyan albashi cikakke. Baƙin ba su canza ba, aikin ne ya ƙafe. Jamus ma ta karɓi masu neman mafaka fiye da miliyan ɗaya a 2015 da 2016, amma rashin aikin yi ya ci gaba da raguwa a ƙasar har 2019. Can matsalar wata ce dabam: kafin baƙo ya koyi harshe, a amince da takardunsa, shekaru sun tafi. Bayan shekara biyar kusan rabinsu ne suka samu aiki, mata kuma suna can baya sosai.

Abin da na ɗauka daga waɗannan shi ne yawan baƙi kaɗai ba ya faɗa maka abin da zai samu lada. Abin dubawa shi ne ko baƙon yana da ƙarfin cewa a'a. Wanda ba shi da takarda, ba shi da gona, ba shi da inda zai kai ƙara idan an hana shi haƙƙinsa, zai karɓi rabin kuɗi, kuma daga ranar rabin ya zama farashin kowa. Ɗan gari yana jin haushin wanda ya karɓa, yana mantawa da wanda ya bayar.

Nijar ba sai ta tafi Gabas ta Tsakiya neman misali ba. Tana da dokar 'yan gudun hijira tun 1997, kuma ta ga baƙi iri-iri. A watan Oktoban 2006 gwamnatin Tandja Mamadu ta ba da sanarwar mayar da Larabawan Mahamid na jihar Diffa zuwa Cadi, inda suka fito shekaru da dama kafin nan saboda fari da yaƙi, sannan ta janye maganar cikin 'yan kwanaki. Rigimar ba ta albashi ba ce, ta rijiya ce da makiyaya, domin a karkara ruwa da ciyawa su ne wurin aikin. A Agadas, 'yan Sudan da suka gangaro daga Libiya tun ƙarshen 2017, yawancinsu mutanen Darfur, an ajiye su a wata cibiya mai nisan kimanin kilomita 15 daga gari. Ba su ƙwace aikin kowa ba, gaskiya ne, amma ba su ƙara wa kasuwa komai ba, zaman jiran kuma ya kai ga zanga-zanga da ƙonewar cibiyar a Janairun 2020. A Diffa kuma, da rikicin Boko Haram ya tsallako a 2015, abin da ya fi kashe sana'a shi ne matakan dokar ta-ɓaci: hana hawan babur, takura cinikin kifi da tattasai, da tashin mutanen tsibiran tafkin Cadi. Ɗan kabu-kabu da mai busar da tattasai sun zauna ba aiki ko da baƙo ko babu.

Misalin jihar Maradi ne ya fi kama da abin da zai iya samun mutanen kudancin Damagaram. Daga 2019 dubban mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka gudo wa 'yan bindiga, suka sauka a ƙauyukan Gidan Rumji a gidajen dangi da abokan kasuwa. Daga baya hukumomi da HCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka matsar da wasunsu nesa da iyaka, zuwa Ɗan Daji Makau, Garin Kaka da Cadakori, kusa da ƙauyukan da dama suke zaune, don famfo, makaranta da asibiti su zama na kowa. Waɗannan baƙi Hausawa ne manoma, sun iya duk abin da ɗan gari ya iya, saboda haka gasar ta fi tsanani: barema ɗaya, itacen girki ɗaya, dakan hatsi da wankau ɗaya ga mata. Amma su ma suna sayen gishiri da manja, suna ɗinki, suna kai niƙa. Mai shago da mai inji sun ƙaru da su. Macen da ke surfe a biya ta da tsaba ita ce ta ga an raba mata abinci biyu, kuma ba kasafai ake tambayarta ba idan masu agaji sun zo rubuta sunaye.

A Magariya da Dungas, matsin da ya fi yawa ba na baƙin waje ba ne. Na 'ya'yan gida ne da hanya ta toshe musu. Tattalin gidaje da dama a nan ya ginu a kan ci-rani: saurayi ya gama girbi ya tsallaka ta Ɓaɓura ko Maigatari zuwa Kano, ko ya nausa arewa. Yaƙin Libiya na 2011 ya dawo da dubun dubatar 'yan Nijar hannu wofi. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a sahara kusa da iyakar Aljeriya, galibi mata da yara, da yawansu daga Kance, maƙwabciyar Magariya. Daga Disamban 2014 Aljeriya ta fara maido da mutane ayari-ayari ta Asamaka, kuma ba ta daina ba. Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ga faɗuwar naira da ta sa abin da ɗan ci-rani ke aikowa ya zama ba ya sayen abin da yake saye a da idan an canza shi zuwa sefa. Duk wanda ya dawo yana shiga layin barema ɗaya da ƙanensa, gidan kuma ya rasa aiken da yake cike giɓin bazara. Shi wannan da ya dawo, a Tamanrasat ko Sabha shi ne baƙon da ake cewa ya karya farashi, don shi ma ba shi da takardar da zai tsaya ya yi ciniki da ita.

Inda yankin yake da rata shi ne fadamun Korama, wajen Bande da Waca, inda ruwa ke kusa ana noman rake da kayan lambu da rani. Garka ɗaya tana cin hannu fiye da gonar gero mai girmanta sau da yawa, kuma tana cinsa a watannin da ba abin yi. Sai dai fadama tana da masu ita. Wanda ya samu aro ko haya da shaidar mai gari da hukumar filaye ta ƙauye, ya san ba za a tashe shi ba bayan ya haƙa rijiya ya zuba taki, zai zama mai ɗaukar ma'aikata biyu ko uku. Wanda aka bar shi da alkawarin baka, baƙo ne ko ɗan gida da ya dawo daga Aljeriya, ba zai sa kuɗinsa a ƙasar da ba tasa ba. Zai koma bakin tasha, kuma mai neman lebura zai tarar da mutum goma a inda yake bukatar biyu.