Baki Na Karatu, Kai Bai Ɗauka Ba: Halin 'Yan Ƙaramar Sakandare A Abuja

Kusan duk wata babbar hukuma mai hannu a sha'anin ilmin yaran Nijeriya a Abuja take zaune. Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya tana nan, Hukumar Ilmin Bai-ɗaya, watau UBEC, tana Wuse, ita kuwa NERDC, wadda ke tsara abin da za a koyar a kowane aji, tana can Sheda cikin yankin Kwali, a kan hanyar Lokoja. Sai mutum ya zaci yaron da ke karatu a gindin waɗannan hukumomi ya tsira. Amma a ƙananan makarantun sakandare na garuruwan da ke kewaye da birnin, irin su Nyanya da Kubwa da Zuba da Gwagwalada, ana fama da cutar da ake fama da ita ko'ina a ƙasar nan. Yaro ɗan shekara 12 ko 13 zai miƙe ya karanta shafi guda na Turanci da babbar murya, ba tuntuɓe ba gargada, amma da an ce ya rufe littafin ya faɗi abin da shafin ya ƙunsa, sai ya sunkuyar da kai.

A cikin shekarar 2021 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da UNICEF sun bi gida-gida sun gwada yara 'yan shekara 7 zuwa 14. Gwajin ba mai tsanani ba ne. Ɗan gajeren labari ne irin na ƙananan azuzuwan firamare, yaro ya karanta, sa'an nan ya amsa tambaya biyar, uku amsarsu na kwance a fili cikin labarin, biyu kuwa sai ya yi tunani. Kimanin kashi 27 daga cikin 100 ne kaɗai suka haye a duk faɗin ƙasa. Bankin Duniya kuma a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, wajen yara 9 cikin 10 ba su iya karanta ɗan sauƙaƙan rubutu su gane shi a lokacin da suka cika shekara 10.

Dalilin da ya sa ƙurjin ke fashewa a ƙaramar sakandare ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, kuma Dokar Ilmin Bai-ɗaya ta 2004 ta mai da shekara tara na farko kyauta kuma tilas, yaro yakan wuce daga aji shida na firamare zuwa aji ɗaya na sakandare ko ya iya ko bai iya ba. A firamare malami guda ne yake riƙe da shi, ya san rauninsa. A sakandare kowane fanni da malaminsa, mai kimiyya ya shigo ya fita, mai lissafi ya shigo ya fita, kuma babu wanda aka ɗora wa nauyin koya masa karatu, domin kowa ya ɗauka an gama wannan tun a baya. Abin da ya saura shi ne malami ya cika allo da rubutu, yara su kwafe, su haddace, ran jarrabawa su amayar.

Ko a darasin Turanci, inda ake da sashen auna fahimta, yara sun daɗe da gano dabarar zillewa. Sai su dubi kalmar da ke cikin tambaya, su bi rubutun da yatsa har su sami inda ta fito, su kwafe jimlar ɗungurungum. Sau da yawa a ba su maki. Inda asiri ke tonuwa shi ne tambayar da amsarta ba ta rubuce. A ce an rubuta cewa wani mutum ya shiga kasuwar Dei-Dei janye da tunkiya, ya fito da buhun masara a ka, ba igiya a hannunsa. Tambaya: ina tunkiyar? Ko yaron goye da aka ba wannan labari da Hausa ya san an sayar da ita. Amma ɗan aji biyu na sakandare da ya karanta shi da Turanci zai yi ta neman kalmar sayarwa, bai same ta ba, ya bar wurin fari fat.

Waɗansu masana biyu, Gough da Tunmer, sun bayyana al'amarin a 1986 ta hanyar da ɗan kasuwa ma zai gane. Suka ce fahimtar karatu abu biyu ne ake ninkawa, watau iya haɗa baƙaƙe su zama kalma, da kuma jin harshen da aka yi rubutun da shi. Ninkawa fa, ba tarawa ba. In ɗaya ya zama sifiri, amsa sifiri ce kome ƙarfin ɗayan. Masu binciken koyon harshe na biyu kuma sun gano cewa sai mai karatu ya san kamar kalma 98 cikin kowace 100 kafin ya fahimci rubutu shi kaɗai ba mai taimako. A shafi mai kalma 200, watau baƙin kalmomi huɗu ke nan. Yaron da ya san 90 cikin 100, wanda a ido za a ce ya yi ƙoƙari, kalma 20 ne ke tare masa hanya a wannan shafi guda.

To, a nan ne Abuja take da tata matsala ta daban. Lokacin da Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar kafa sabon babban birni ran 3 ga Fabrairu 1976, ƙasar ba kango ba ce. Akwai Gbagyi, waɗanda Hausawa ke ce wa Gwari, akwai Gade da Koro da Gwandara da Bassa da Ganagana. Bayan da gwamnati ta taso daga Ikko a watan Disamba 1991, sai kowace ƙabila ta Nijeriya ta kwararo. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi yawa a inda yake zaune, daga baya a juya zuwa Turanci. Amma a aji guda a Karu ko Lugbe, inda ɗan Gbagyi da Bahaushe da Tibi da Ibo da Bayarabe suke benci ɗaya, wane ne harshen wurin? Malami sai ya kama Turanci tun daga aji ɗaya, yara kuwa a waje Hausa suke yi ko Turancin buroka, wanda ya yi nisa da na littafi.

Gwamnati kanta ta yi ta kai gwauro ta kai mari a kan wannan batu. A watan Nuwamba 2022, zamanin Minista Malam Adamu Adamu, aka amince da manufar koyarwa da harshen uwa a duk shekara shida na firamare. A watan Nuwamba 2025 Minista Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke ta, aka koma Turanci. Abin mamaki shi ne an riga an yi gwajin wannan abu tun tuni, kuma a ƙasar Yarabawa aka yi shi. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife sun koyar da waɗansu yara dukan darussa da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuwa aka ba shi ƙwararren malami a matsayin darasi guda. Yaran ba su kasa takwarorinsu a Turanci ba, a sauran fannoni ma sun fi su. Sai dai a lura, a Ife an rubuta littattafai, an horar da malamai. Manufar 2022 ba ta kai ga yawancin azuzuwa da ko ɗaya daga cikin biyun ba, sokewar 2025 kuma ba ta ƙara wa wani yaro kalmar Turanci ko guda ba. A cikin wannan shekara ta 2025 ɗin ce kuma malaman firamare na ƙananan hukumomin Abuja shida suka yi yajin aiki na fiye da wata uku, daga Maris zuwa Yuli, a kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. 'Yan aji shida da suka rasa wannan zango su ne suka shiga ƙaramar sakandare a bayansa.

Akwai kuma abin da ba a cika kula da shi ba, watau sanin abin da ake magana a kai. A 1988 Recht da Leslie sun ba 'yan ƙaramar sakandare a Amurka labarin wani wasan ƙwallo da ake bugawa da sanda a ƙasarsu. Yaran da ake ɗauka raunana ne a karatu amma sun san wasan, sai suka fi gwanayen karatu waɗanda ba su san shi ba. Yaron Kwali da ya tashi yana ganin ana ginin tukwane, a ba shi tarihin Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20, a ga yadda zai bi shi. A ba shi labarin dusar ƙanƙara ko jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai a ce daƙiƙi ne.

Malaman zaure na ƙasar Hausa sun daɗe da raba tsakanin biya karatu da sanin ma'anarsa. Ɗalibin da ya zo da Ahalari ko Ishmawi ko Risala ba a barinsa ya zuba shafi guda a tashi. Zai ja 'yar gaɓa, malam ya fassara da Hausa, ya warware kalma mai wuya, ya kawo misali, sa'an nan a ci gaba, gobe kuma sai ya maimaita na jiya kafin a ƙara masa. Hanyar da Palincsar da Brown suka gwada a 1984 kan 'yan aji bakwai masu iya furtawa amma ba su ganewa ba ta yi nisa da wannan ba. Sukan karanta sakin layi guda su tsaya, yaro ya ƙago tambaya da kansa, ya taƙaita da bakinsa, a warware abin da ya shige duhu, a yi hasashen abin da zai biyo baya, kuma yaran ne ke karɓar jagoranci bi da bi. Cikin 'yan makonni aka ga canji. Ba ta bukatar kwamfuta ko wutar lantarki, amma tana bukatar littafi a hannun kowane yaro da ajin da malami zai iya jin muryar kowa, abu biyun da suka yi ƙaranci a makarantun gwamnati na bayan gari.

Maganar littafi kuwa, ginin hedkwatar Ɗakin Karatu na Ƙasa da aka ba da kwangilarsa a 2006 a tsakiyar Abuja, shekarar 2025 ta riske shi ba a gama ba. Littattafan Hausa masu jan hankalin yaro ba su ɓace ba. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka rubuta tun wajen 1937 domin 'yan makaranta, har yanzu ana samunsa a kasuwa. Yaron da ya saba bin dogon labari da harshensa, yana tambayar kansa dalilin da ya sa wane ya yi kaza, ba sai ya sake koyon wannan dabara ba in ya koma Turanci. Kalmomi kawai zai nema.

Wannan magana ta shafi mutanen Arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu da Fatakwal, har ma fiye da na Abuja. Ɗansu Hausa yake ji a gida, Yarabanci ko buroka a titi, Larabci a Islamiyya, Turanci a aji. Masu tura yaro wurin ɗan'uwa a Abuja da zaton makarantar babban birni za ta gyara shi, su san can ma haka abin yake. Uba ko uwa, ko ba su yi boko ba, suna iya gwada yaro a daren yau. A sa shi ya karanta shafi guda daga littafinsa na makaranta, ya rufe, ya faɗi abin da ya karanta da Hausa, sa'an nan a tambaye shi dalilin abin da ya faru da kuma abin da yake tsammani zai biyo baya. In tun wajen furtawa yake sarƙewa, gyaran baƙaƙe yake bukata, kuma malamin firamare mai haƙuri zai iya yi masa. In bakinsa na gudu amma ya kasa mayarwa, a ba shi labari makamancinsa da Hausa. Ya gane wannan, to kansa lafiya lau, kalmomin Turanci ne ba su ishe shi ba, kuma bulala ba ta kawo su. Sai a je wurin malamin Turanci a tambaye shi sau nawa a mako ake yin auna fahimta, yara nawa ne kuma ke raba littafi guda. A yi wannan tun yaro yana aji ɗaya, domin a ƙarshen aji uku jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ke jiransa, kuma in aka cire takardar harshen gida da makamantanta, tambayoyinta, har na lissafi, da Turanci ake rubuta su.