Daga Yekuwa zuwa Delhi: abin da majigi bai faɗa mana ba

A Yekuwa, kamar a Magariya da Dungas, da wuya ka samu magidancin da bai taɓa kallon majigin Indiya ba. To amma yau Indiya ta wuce kallo. Ƴan kasuwarmu na zuwa saro kaya, wasu kuma na rakiyar marar lafiya asibiti, musamman tun da Indiya ta buɗe ofishin jakadancinta a Yamai a 2009. Daga Yamai ko daga Kano, wadda ta fi kusa da mutanen iyaka, jirgi kan bi ta Adis Ababa ya sauke su Delhi.

Tun kafin a tashi, banda fasfo da biza, a tabbatar katin rigakafin shawara na cikin aljihu. Wanda ya sauka babu shi ana iya tsare shi har kwana 6.

Abin da zai fara ba baƙo dariya shi ne ganin adaidaita sahu ta cika titi, kore da ɗorawa. Can ne mahaifarta. Bajaj da TVS da ke yawo a Kano da Damagaram duk kamfanonin Indiya ne. Tana da na'urar lissafin kuɗi, amma direba da ya ga baƙar fata sai ya ce ta lalace. Nan Bahaushe ba ya bukatar malami: a yi ciniki a gama kafin a ɗora ƙafa, kamar a kasuwar Magariya. Inda saninmu ba ya aiki shi ne wajen tsallaka titi, domin su ta hagu suke tuƙi. Mutum ya duba inda ya saba dubawa, mota ta fito masa ta ɗaya gefen. Wannan ya fi cutar direba haɗari nesa ba kusa ba.

Mai son kwanciyar hankali ya shiga metiro, jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2002. Kuɗinsa a rubuce yake, babu Baindiye babu baƙo, kuma akwai taragon da aka keɓe wa mata kaɗai. Shi zai kai ka Candni Cok, tsohuwar kasuwar yadi da kayan yaji, sai dai ranar Lahadi yawancin shaguna a rufe suke. Kusa da nan ne babban masallacin Juma'a da sarki Shah Jahan ya gama ginawa a 1656, kuma a lungunan da ke kewaye da shi ne Musulmi zai ci nama ba tare da waswasi ba.

Taj Mahal kuwa, wanda kowa ke son ya dawo da hotonsa gida, ba a Delhi yake ba. Yana Agra, tafiyar da ba ta kai awa 2 ba a jirgin Gatimaan Express. Ranar Juma'a ba a buɗe shi ga masu yawon buɗe ido. A ƙofarsa kuma baƙo na biyan fiye da ninki 20 na abin da ɗan ƙasa ke biya. Doka ce, ba cuta ba, saboda haka kada a tsaya gardama. Cutar tana bakin tashar jirgin ƙasa, wurin ƴan kamasho masu rantsuwa cewa ofishin tikiti ya tashi, su ja ka shagon abokinsu. A wuce su kurum, a shiga ciki a tambayi ma'aikaci.