Wa ke barin gida, mace ko namiji? Labarin tsuntsun fezan

A dazuzzukan Asiya da Turai akwai wani tsuntsu da ake kira fezan. Dangin kaza ne da fakara. Namijin yana da doguwar wutsiya da gashi mai ƙyalli. Macen kuwa launin ƙasa gare ta, don kada a gan ta cikin ciyawa in tana kwanci.

Masana sun daɗe suna tambaya: in ƴan tsaki suka girma, wa ke barin wurin da aka ƙyanƙyashe shi? Da, sai an ɗaura wa tsuntsu zobe a ƙafa, a jira a sake kama shi. Yanzu gashi ɗaya ko ɗigon jini ya isa. Cikinsu akwai ƙwayoyin gado, waɗanda kowace halitta ke samu daga uwa da uba. In aka auna tsuntsayen daji ɗaya, aka tarar mazan ƴan'uwan juna ne amma matan ba su haɗa jini ba, to an gane matan baƙi ne, daga nesa suka zo.

A shekarar 1980, wani masani a Ingila, Paul Greenwood, ya nuna cewa a yawancin tsuntsaye mace ce ke tafiya. A dabbobi masu shayarwa kuwa, kamar zaki, namiji ne. Fezan na Turai ya bi hanyar tsuntsaye. Namiji yakan kama fili a bakin daji, ya tsare shi da cara da faɗa. Mata su ke yin nisa, su zaɓi wanda za su zauna wurinsa. Agwagin ruwa dai sun saɓa: su macen ce ke komowa mahaifarta.

Amfanin wannan tafiya babba ne. Tana hana barbara tsakanin wa da ƙanwa, ko uba da ɗiya. In jini ɗaya ya yi ta juyawa, ƙwai da yawa ba su ƙyanƙyashewa, ƴan tsaki kuma su fito da rauni.

Kajin gidajenmu ba su da inda za su. Zakara ɗaya yakan shekara uku a gida yana barbarar ɗiyansa, mai kaji kuma yana mamakin ƙwai na lalacewa. Ku canza zakara kowace shekara, ku samo shi daga wani gari. Kafin ku haɗa shi da sauran kaji, ku ware shi mako biyu, ku tabbata lafiyarsa lau.