Kibiyar da ba ta da dafi: yadda maharban Amurka ke zaɓe da wasa kan kibiya mai washin fuska ɗaya

Maharbin ƙasar Hausa na asali bai damu ƙwarai da zurfin da kibiyarsa za ta yi a jikin dabba ba. Maƙeri ya ƙera masa kai mai kunne, ya ɗaura a kyauro, ya shafe shi da dafin kwankwani. In ta ratsa fata ta taɓa jini, sauran aiki na dafi ne, shi kuwa sai bin sawu.

A Amurka lamarin ya sha bamban. Tun shekarar 1934 da jihar Wiskonsin ta ware wa masu kwari da baka lokacin farautarsu na musamman, wannan sana'a ta bazu a ƙasar, amma dokokin kusan dukkan jihohi sun haramta dafi. Don haka kibiyar maharbin can ba ta da abin dogaro sai kaifinta. Dole ta keta fata, ta wuce haƙarƙari, ta huda huhu, dabba ta faɗi cikin ɗan lokaci. In ta tsaya a ƙashi, barewa za ta gudu da rauni, ta yi kwanaki tana shan azaba kafin ta mutu inda ba wanda zai amfana da namanta.

Wannan damuwa ta fi yawa ga masu riƙe da bakan gargajiya, wato sanda da tsirkiya kawai. Kibiyarsu kan yi gudun mita 50 zuwa 60 a daƙiƙa guda, alhali ta bakan zamani mai ƙananan tayoyi a bakunansa kan kai mita 90. Wanda ƙarfin harbinsa ƙalilan ne ba ya son ko kaɗan ya salwanta a banza. Nan ne kai mai washin fuska ɗaya ya sami karɓuwa.

Me ya bambanta shi?

Wuƙar mahauci ana wasa ta ne ta fuskoki biyu, kaifin ya haɗu a tsakiya. Almakashin tela da gizagon masassaƙi kuwa fuska ɗaya ake wasawa, ɗayar a bar ta shimfiɗe. Haka wannan kan kibiya yake. Yana da baki biyu, hagu da dama, kowanne an wasa shi ta fuska ɗaya, amma washin wannan yana kallon sama, na wancan yana kallon ƙasa.

Sakamakon haka, idan kan ya shiga nama, naman yana tura kowane baki zuwa ɓangare dabam, sai kibiyar ta riƙa murɗawa tana tafiya. In ta haɗu da ƙashi, murɗawar kan tsaga shi, kamar yadda mai faskare ke karkata gatari itace ya buɗe. Ƙashin da ya tsage ba ya matse jikin kibiyar, sai ta wuce. A nama kuma yankan da take bari ba miƙaƙƙe ba ne, ya yi kama da harafin S.

Wanda ya fi kowa fito da wannan bayani shi ne Dakta Ed Ashby, likitan ido Ba'amurke kuma maharbi. A tsakiyar shekarun 1980 ya shiga wani bincike a gandun dajin Mkuzi da ke lardin Natal na Afirka ta Kudu, inda hukumar gandun ke son ta san ko kibiya za ta iya kashe manyan namun daji ba tare da azabtar da su ba. Daga baya ya ci gaba da gwaji a kan ɓaunar Asiya da ke yawo a arewacin Ostareliya, yana auna zurfin kowane harbi da irin ƙashin da kibiya ta daka. Daga cikin abubuwan da ya fitar akwai cewa kibiyar da jimillar nauyinta ya kai kimanin giram 42 ta fi samun damar fasa ƙashi mai kauri, kuma washin fuska ɗaya yana ƙara mata wannan dama.

Abin dubawa kafin saye

A jerin sharuɗɗa goma sha biyu da Ashby ya tsara, na farko shi ne ƙarƙon kibiyar gaba ɗaya. Kan da ya lanƙwashe ko ya ɓalle a kan ƙashi ya tashi aiki, komai kyan washinsa. Shi ya sa ƙwararru ke neman ƙarfe mai kauri, wanda taurinsa ya faɗa tsakanin 50 da 60 a ma'aunin Rockwell. Mai laushi yana da sauƙin wasawa amma bakinsa kan naɗe. Mai tsananin tauri yana riƙe kaifi, sai dai magagari ba ya cin sa, wani lokaci kuma bakin kan ɓantare. Araha dai ba ta ado.

Wani abin dubawa shi ne siffa. Dogon kai siriri ya fi gajere mai faɗi shiga, kamar yadda hawan tudu mai gangara a hankali ya fi na tsaye sauƙi. Shahararren maharbin nan Howard Hill ya daɗe da ba da shawarar tsawon kai ya ninka faɗinsa sau uku. Amma tsinin da ya cika siranta yakan naɗe in ya daki ƙashi, don haka ake ɗan datse shi a mayar da shi gajere mai ƙwari, irin wanda ake kira tanto, sunan wata wuƙar Japan.

Akwai kuma abin da sababbin shiga suka fi yin kuskure a kansa. Kibiyar Hausa ba a sa mata gashi a gindi, amma ta Amurka ana liƙa mata gashin fiffiken talotalo domin ta riƙa juyawa a iska. Gashin fiffiken dama yana juya ta dama, na hagu yana juya ta hagu. Kan ma haka, akwai na dama akwai na hagu. Tilas su dace. In ba haka ba, kibiyar da ta taho tana juyawa dama sai ta tsaya ta koma hagu a daidai lokacin da ta taɓa dabba, ƙarfin da ake tattali ya tafi a wannan jayayya.

Ba dukkan maharba ne suka gamsu ba. Wasu na cewa ga ƙaramar barewa, kai mai baki uku ya fi buɗe rauni, jini ya fi zuba a ƙasa, bin sawu ya fi sauƙi. Masu goyon bayan washin fuska ɗaya kan amsa cewa dabba tana motsi, harbin da aka auna haƙarƙari yana iya sauka a allon kafaɗa, kuma domin irin wannan rana ake shiri.

Yadda ake wasa shi

Da yawa daga cikin waɗannan kawuna ba sa fitowa daga masana'anta da kaifin da ya isa farauta. Aikin yana farawa ne da bayan bakin, wato fuskar da ba a wasa ba. Ana kwantar da ita sosai a kan dutse a goga har ta daidaita.

Daga nan a shafa baƙin maka a fuskar washin. Yawanci karkatarta digiri 25 ce ko kusa da haka, kuma ba a son a sauya ta. In aka goga sau biyu ko uku da magagari ko dutse mai kaushi, wurin da baƙin ya goge zai nuna ko hannu ya daidaita. A ci gaba da gogawa har ɗan siririn leɓen ƙarfe ya taso ta bayan bakin, wanda farce zai ji tun daga tsini har gindi. Wannan leɓe shi ne shaidar cewa washi ya kai baki. Mai gaggawar da ya koma dutse mai santsi kafin leɓen ya fito zai sami ƙarfe mai ƙyalli amma dakusasshe.

Bayan haka sai a koma duwatsu masu laushi ɗaya bayan ɗaya, ana sassauta hannu. Sannan a kwantar da bayan a kan dutse mafi santsi, a ja sau kaɗan don leɓen ya fita. A nan ake ɓata aiki: wanda ya ɗaga ƙarfen ko da kaɗan ya yi wa bayan washi, ya rage abin da ya sayi kan dominsa. A ƙarshe a goga a kan fata, ana ja baya, kamar yadda wanzami ke yi wa askarsa.

Gwajin da aka saba shi ne aske gashin hannu ba tare da dannawa ba. Wasu kuma kan miƙe siraran robobi a kan katako su tura kan a tsakaninsu. Jijiyar jini kamar roba take, baki dakusasshe ture ta yake yi gefe, mai kaifi kuwa yanke ta yake yi da taɓawa. Yanka mai santsi kuma ya fi daɗewa yana zubar da jini, abin da duk wanda reza ta taɓa yanka ya sani.

Kaifi ba ya zama yadda aka bar shi. Kan da aka yi atisaye da shi sai an sake wasa shi, wanda ya kwana a kwari ma raɓa da gogayya na cin bakinsa, shi ya sa ake shafa masa ɗan mai kuma a duba shi kowace safiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Maharbin da ya yi kwanaki yana jiran dabba ta matso masa mita ashirin harbi ɗaya yake samu, kuma ko za ta faɗi nan kusa ko ta ɓace da rauni, an riga an yanke hukuncin tun a kan dutsen washi.