Koyon tsalle da keken hawan dutse bayan shekara 40: gemu bai hana ba, amma ƙashi ba ya yafe gaggawa

A watan Agustan 2021, a Val di Sole da ke ƙasar Italiya, Greg Minnaar ɗan Afirka ta Kudu ya lashe gasar duniya ta gangarowa daga dutse da keke. Shekarunsa 39 a lokacin, kuma karo na huɗu kenan da ya ɗauki wannan kambu. Wasu daga cikin waɗanda ya kayar, ya girme su da shekara goma sha.

Mai karatu zai ce ai wannan sana'arsa ce, tun yana yaro yake kan keke. Haka ne. To amma a Turai da Amurka da Afirka ta Kudu, idan ka je filayen wasan keke za ka tarar ba matasa kaɗai ke layi ba. Akwai magidanta da iyaye mata masu shekara 40 da 50, wasu har da furfura, waɗanda suka daɗe suna tuƙa keke amma tayarsu ba ta taɓa barin ƙasa ba, yanzu kuma suna son koyon tsalle. Shin abin zai yiwu? Zai yiwu. Sai dai hanyar da yaro ɗan shekara 15 ke bi ya koya, idan babba ya bi ta, asibiti za ta kai shi.

Daga ina wasan ya fito?

A yankin Marin na jihar Kalifoniya aka fara, cikin shekarun 1970. Wasu matasa, cikinsu har da Gary Fisher da Joe Breeze da Charlie Kelly, suka riƙa gyara tsofaffin kekuna masu kaurin taya suna gangarowa da su daga tsauni. A 1976 suka fara wani tsere da ake kira Repack. Sunan ya samo asali ne daga yadda birkin bayan keken ke yin zafi har giris ɗin ciki ya ƙone, sai an sake cusa wani kafin a kuma hawa. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper, ɗaya daga cikin kekunan dutse na farko da aka ƙera da yawa don kasuwa. A 1990 aka yi gasar duniya ta farko ƙarƙashin hukumar UCI a Durango, sannan wasan ya shiga Olamfik a Atlanta a 1996.

Daga baya aka fara gina filaye na musamman, irin na Whistler a Kanada da aka buɗe a 1999, inda hanyar da ake kira A-Line ta yi suna saboda tsalle bayan tsalle. A irin waɗannan filaye ana yi wa hanyoyi alama da launi: kore ta 'yan koyo, shuɗiya ta matsakaita, baƙa ta ƙwararru. Wannan tsarin ne ya buɗe wa manya ƙofa, domin mutum ya san abin da ke gabansa kafin ya saki birki.

Abin da shekaru ke ɗauka

Likitoci sun nuna cewa bayan shekara 30 tsokar mutum na raguwa da kamar kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a duk shekara goma, musamman ga wanda ba ya motsa jiki. Tsokar da ke yin motsi na farat ɗaya, irin wadda tsalle ke buƙata, ita ce ke saurin ja da baya. Gaɓoɓi ma kan yi tauri.

Sai kuma maganar warkewa. Raunin da aka fi sani a wannan wasa shi ne karayar ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji, sai wuyan hannu, saboda mai faɗuwa yakan kai hannu ƙasa ba tare da ya yi tunani ba. Yaro kan warke daga irin wannan karaya cikin mako 3 zuwa 6. Babba kuwa yakan kai mako 6 zuwa 12. Ga direba ko tela ko ɗan kasuwar da iyali ke jiran cefanensa kullum, wata biyu hannu a rataye ba ƙaramin abu ba ne. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, in ji masu iya magana, amma sai a yi dubu ba a fito ba.

Wannan lissafin ne ke haifar da tsoro, tsoron kuma shi ne ke kayar da yawancin manya. Wanda gabansa ya faɗi a bakin tudu yakan sandare: ya ƙanƙame ƙahon keke, gwiwa ta miƙe, idanu su kafe kan tayar gaba. Wani ma sai ya taɓa birki a daidai lokacin da bai kamata ba. Daga nan keke ne ke tafiya da shi, ba shi ke tafiya da keken ba.

Me ke faruwa a cikin rabin daƙiƙa?

Idan keke ya tashi sama da santimita 30 ya sauka a daidai tsayin da ya tashi, zamansa a iska bai wuce rabin daƙiƙa ba. Ka ga babu lokacin gyara. Duk abin da zai faru a sama, a ƙasa aka riga aka yanke shi.

Yadda masu koyarwa ke bayaninsa shi ne: ka tunkari tudun a tsaye kan feda, fedojin biyu a daidaite, sirdi a sauke ƙasa, gwiwa da gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. Da tayoyi suka fara hawa fuskar tudun, sai ka danna nauyinka ta ƙafafu, kana miƙewa a hankali har tayar baya ta bar bakin tudun. Ba fizgar ƙaho ake yi da hannu ba. Mai fizga yakan tashi a karkace, domin hannu ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. A sama kuma sai ka saki jiki, ka bar keken ya taso gare ka, ka karkata shi ya dace da gangaren da za ka sauka, tayoyin biyu su taɓa ƙasa kusan tare.

Faɗuwar da ta fi muni ita ce wadda tayar baya ke harbawa sama, mutum ya wuntsila ta kan ƙaho. Tana faruwa idan mahayi ya noƙe da wuri: tayar gaba ta wuce, nauyinsa ya koma baya, tudun ya doki tayar baya da ƙarfi. Shakazoba ta baya ma, idan an saita ta tana dawowa da sauri fiye da kima, tana ƙara wannan harbin. Gudu kuma ba ya maganin rashin dabara. Idan ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da za ka bugi ƙasa da shi ya ninka sau huɗu.

Matakan da ba a tsallakewa

Da rarrafe yaro kan tashi, babba ma a nan sai ya yarda ya rarrafa. Matakin farko a fili ne, babu tudu: tsayuwa kan feda, ɗaga tayar gaba, sannan abin da suke kira tsallen zomo, wato ɗaga gaba sannan baya ta biyo, a tsallake sanda ko igiyar da aka shimfiɗa a ƙasa.

Na biyu shi ne filin ƙananan tuddai a jere kamar kunyoyin gona, inda ake samun gudu ba tare da juya feda ba, sai ta danna jiki a gangare da sassautawa a hawa. Nan ne ƙafa ke koyon lokacin dannawa, kuma faɗuwar wurin ba ta wuce ƙujewa ba galibi.

Na uku shi ne tudu mai shimfiɗaɗɗen kai, wanda suke kira tebur. Amfaninsa shi ne idan tsallenka bai kai ba, a kan tebur ɗin za ka sauka lafiya lau. Ana fara bi ta kansa ba tare da tashi ba, sannan a ƙara dannawa kaɗan-kaɗan, a maimaita tudu guda sau da yawa har jiki ya daina ɗar-ɗar. Tudu biyu masu rami a tsakani kuwa, wannan sai wanda ya riga ya saba tsallake tebur mai tsawon ramin ba fashi. Mutane da yawa ba sa zuwa wannan mataki sam, kuma ba su rasa komai ba.

Kafin duk wannan, hular kwano wajibi ce, a haɗa da safar hannu da kariyar gwiwa. Hular da ta taɓa buguwa da ƙarfi a canza ta, ko da ba a ga tsaga ba. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko ciwon baya ya fara ganin likita tukuna. Kada kuma a je koyo mutum shi kaɗai.

Keken da ke gidanka fa?

A garuruwanmu keke abin neman abinci ne, kuma kasuwanni cike suke da kekunan gwanjo masu kaurin taya da giya. Ba kowanne ne aka ƙera don tsalle ba fa. Wasu kamannin kawai gare su. Kafin taya ta bar ƙasa, a kai wa mai gyara ya duba walda ko akwai tsaga, ya duba birki, ya ɗaure ƙusoshin taya da na ƙaho. Wanda zai tara ƙasa ya yi tudun gwaji, ya yi shi gajere mai faɗi, kansa a shimfiɗe, nesa da titi da wurin wasan yara.

Abin da babba ya fi yaro

Yaro na koyo ne ta hanyar faɗuwa, domin jikinsa na iya biyan kuɗin. Babba ba shi da wannan jarin, amma yana da wani: yana jin bayani, yana iya maimaita abu guda sau hamsin, yana iya sauka ya zagaya tudu da ƙafa ya duba shi kafin ya hau. Yana kuma iya cewa "yau dai na gaji, sai wani makon", ko abokai na yi masa dariya. Gajiya na kawo kuskure, shi ya sa masu wasan ke gargaɗi kan zagayen "bari in ƙara ɗaya".

Don haka wanda ya haura 40 yana sha'awar abin, ya fara da sanda a ƙasa, ya ba kansa watanni, ba kwanaki ba. Ba za a ba shi kambun Minnaar ba, amma zai ɗanɗana rabin daƙiƙar nan a iska, ya kuma wayi gari ya fita nema da hannuwansa biyu lafiya.