Zaɓen Itacen Turare Bisa Hukuncin Ƙasa

Itacen turare, wanda asalinsa daga Ostareliya aka yaɗa shi cikin duniya, yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana wahalar da malaman daji, watau ko da an ɗebi iri daga uwa guda an shuka a fili guda, bayan 'yan shekaru sai a tarar wani ya miƙe sambal ya yi kauri, wani ya karkace, wani kuwa ya tsumbure, domin ƙudan zuma sun kai wa kowane fure uba dabam.

Maganin wannan mas'ala ya bayyana cikin shekarun 1970 a ƙasar Kongo, inda masana Faransawa suka yi ijtihadi, da kuma jihar Espirito Santo ta Burazil, inda larura ta tilasta wa kamfanin Aracruz neman mafita, saboda wata cuta mai cin bawon gindi ta auka wa gandunansa. Ma'aikatan suka lura cewa a tsakiyar itatuwan da suka halaka akwai ɗaiɗaiku da suka tsaya lafiya lau, galibinsu ruwa biyu ne tsakanin nau'o'in turare, suka ga babu hanyar riƙe wannan falala illa a bar iri a koma ga reshe, kamar yadda manomin rogo yake yi.

Ga yadda aikin yake. Za a sare zaɓaɓɓen itacen a bar kututture, idan ya yi toho sai a yanki 'yan rassan masu taushi, a rage musu ganye, a tsoma gindinsu cikin maganin fitar da saiwa, a jera su a rumfa mai feshin raɓa har su kama. Wanda ya ƙi yin saiwa, komai kyawonsa, an sallame shi ke nan. A 1979 Aracruz ya fara dasa irin waɗannan a manyan gonaki, kuma a 1984 masanansa, ciki har da Edgard Campinhos da Yara Ikemori, suka sami lambar girma ta Marcus Wallenberg.

Amma abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne, fifikon itace a wuri guda ba hujja ba ne a wani wuri. Dalili ke nan da ake dasa kowane zaɓaɓɓe a jigawa da laka da tudu mai tsakuwa, a yi haƙuri shekaru ana auna tsayinsa da kaurinsa da nauyin katakonsa da jurewarsa ga fari, sa'an nan a yanke hukunci. Mu ma muna da shaidar haka a gida, ko da yake da iri aka yi tajribar, domin masana na tashar binciken daji ta Samaru sun gwada turare daga sassan Ostareliya a Afaka kusa da Kaduna, sai na Petford, inda ake damina da dogon rani irin namu, ya yi fice, alhali na tafkin Albacutya, mai ruwan sama lokacin sanyi, ƙasashen Bahar Rum ya fi karɓa.

Akwai kuma haɗari wanda bai kamata kwaɗayin riba ya rufe shi ba. Gandun da ya fito daga rassan uwa guda rauninsa guda ne. Wani ɗan ƙwaro mai kumbura ganye da toho, wanda aka fara lura da shi a Gabas ta Tsakiya wajen shekarar 2000, ya isa Afirka da Indiya, ya nakasa wasu zuriyoyi ƙwarai ya ƙyale wasu, shi ya sa masu gandu na gaskiya suke raba filinsu ga zuriyoyi da dama, suna sauya tsofaffi da sababbi waɗanda aka gwada a ƙasar da za a dasa su.