Kukan waifa: ƙaramin gyara kafin ruwa ya kankama a Tamale

Da zarar ruwan farko ya sauka a Tamale, wajen watan Afrilu ko Mayu, ƙara ɗaya za ka riƙa ji a tasi da motocin gida: ƙiiƙ, ƙiiƙ, waifa na jan ƙafa a kan gilashi. Yawancin direbobi sai su ƙara sautin rediyo su wuce. Ni kuwa ban ɗauke shi ƙaramin abu ba, domin waifar da ke kuka ba ta share ruwa yadda ya kamata, kuma garinmu gari ne na babura, kekuna da yalo-yalo. Mai babur ɗaya da ba ka hango ba a hanyar Bolga cikin dare ya isa ya jawo kuka a gida biyu.

Laifin farko na yanayinmu ne. Daga Nuwamba zuwa Maris kusan ba ruwa. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan gilashi, sannan zafin Maris, mai kai maki 40 a ma'aunin zafi, ya gasa robar har ta yi tauri ta tsattsage. Ƙari a kan haka, na sha ganin direbobi da sassafe suna kunna waifa a busasshen gilashi don kawar da ƙura. Wannan rairayin ne ke cin bakin roba, ya kuma zana gilashi. Zanen nan shi ke watsa hasken fitilar motar da ke tahowa ya kashe maka ido.

To, ta ina za a fara? Ga yadda nake bi, daga mai sauƙi zuwa mai tsada.

Na farko, wanki. Ɗaga hannun waifa, ka wanke gilashi da ruwa da ɗan sabulun ruwa, ka goge bakin robar da jiƙaƙƙen tsumma har sai baƙi ya daina fita. Sau da yawa kukan a nan yake ƙarewa, don maiƙon hayaƙi ne ke riƙe robar.

Na biyu, tankin ruwan waifa. Cika shi da ruwa mai tsabta. Kada ka zuba garin sabulu, yana toshe ƴan ramukan fesawa. In sun toshe, allura ta isa.

Na uku, tsayuwar roba. Ya kamata bakinta ya tsaya cak a kan gilashi, ya kwanta nan in za ta hau, ya kwanta can in za ta sauko. Idan ƙarfen ya murɗe, sai ka ga tana tsalle tana kakkaɓi a tafiya ɗaya kawai. Fita mai hankali zai daidaita shi da filaya cikin ƴan mintuna. Ya duba sifirin ɗin ma, ko ya saki.

Idan duk an yi kukan bai tafi ba, robar ta gama aiki. Masu ƙera ta suna ba da shawarar canji tsakanin wata 6 zuwa 12, a rana irin tamu kuwa canji sau ɗaya gab da damina shi ne daidai. Ko a Tamale ka saya, ko aka aiko maka daga Suame a Kumasi, tafi da tsohuwar a gwada, domin a motoci da yawa ta gefen direba ta fi tsawo.

Abu ɗaya nake roƙo: kada wani ya ruɗe ka da shafa bakin mai ko man birki a roba. Zai yi shiru na kwana ɗaya, ya lalata robar, ya bar maka hazo a gilashi. In kuma ƙarar daga ƙarƙashin bonet take fitowa, wannan aikin injin waifa ne da ƙarafansa, sai gareji.

Ruwa ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba. Yi gyaranka tun yanzu, ka kuma nema wa motarka inuwa. Allah ya kiyaye hanya.